Kifin Ɗaki na Biyar

Rufa'i ya goge layin fensirin a karo na uku, takardar ta huje. Ya ɗaga ta sama ya leƙa ta hujin, ya hango matarsa Kubura tsugune a bakin murhu tana fifita wuta. Ya sauke takardar ya yi tsaki.

"Malam, wannan ta nawa ke nan?" in ji Kubura, ba ta ko waiwayo ba.

"Ta huɗu."

"Da ni kake miƙo wa su ina cusawa a murhu, da tuni kokon ya dahu."

Ya jawo sabuwar takarda mai gida-gida, ya shimfiɗa ta a kan akwatin da yake wa kallon tebur, ya fiƙe fensiri da reza. Ko hantsi bai yi ba, amma zafin bazara ya riga ya cika ɗan gidan kwanon da aka ba su, gumi yana bin gefen fuskarsa.

Rufa'i ɗan Kiru ne, shekararsa ashirin da uku, kuma wannan ne aikinsa na farko tun da ya gama makarantar aikin gona. Ofishin kula da kamun kifi ne ya turo shi Dogon Marke a farkon shekarar 1976. Wanda zai je Dogon Marke neman marke zai sha wahalar banza, don marken yana can ƙarƙashin ruwan madatsar Tiga tare da gonaki da rijiyoyi da kaburburan iyaye. Da ruwa ya tashe su aka ba su wannan fako a kan tudu, suka ɗauko sunan garinsu suka kawo shi, tunda shi kaɗai ne bai buƙaci jaki ba. Gonakin rani da aka yi musu alkawari ba su iso ba tukuna. Saboda haka mutanen da suka tashi da fartanya a kafaɗa suka koyi tuƙa kwalekwale da furfurarsu, kifi ya zama shi ne hatsinsu.

Aikin Rufa'i ba shi da wuya a faɗa. In jirage suka dawo, a kawo masa daro, ya ɗora karfasa ɗaya bayan ɗaya a kan katakon awo, ya rubuta tsawonta. A mako shida ya auna ɗari huɗu cif, ƙaramar cikinsu santimita takwas, babbar talatin da takwas. Yanzu abin da ya rage shi ne ya mai da lambobin zane, irin wanda a makaranta ake kira histogiram: a raba kifin ɗaki-ɗaki bisa tsawonsu, kowane ɗaki a ja masa sanda mai tsayi daidai da yawan kifin da ke cikinsa. Shugabansa Malam Shitu zai iso daga Kano yau bayan azahar ya duba. Wasiƙar da ta riga shi zuwa kuwa ba ta yi kwana-kwana ba. In zanen ya nuna kifin da ya isa yin ƙwai ya yi ƙaranci, za a rufe bakin ruwan Dogon Marke wata huɗu. Wata huɗu kuwa, a lokacin da rumbu babu ko dami, kuma ko an yi shuka sai kaka za a ci.

Tambayar da ta hana shi sakat 'yar ƙarama ce a ido. Ɗaki nawa zai yi? Malaminsu na lissafi ya ce kada su gaza biyar, kada su wuce ashirin, sauran kuma hankalinka ne. A lokacin Rufa'i ya ɗauka yunwa ce ta kama malamin yake son ya sallame su. Sai yau ya gane mutumin ya bar musu mafi nauyin aikin ne ya yi tafiyarsa.

Ya fara da biyar. Zanen ya fito sumul kamar tulin gyaɗa, ya hau a hankali ya sauka a hankali, babu abin da zai tsaya wa mutum a rai. Don son burgewa ya gwada talatin, abin ya fito tsilli-tsilli kamar haƙoran matsefi, giɓi ko'ina, ba ka iya cewa wannan giɓin gaske ne wancan na tsautsayi. Da ya gwada goma ne rami ya bayyana. Ɗaki na huɗu kifi sittin da huɗu, ɗaki na shida saba'in da takwas, na biyar da ke tsakaninsu kuwa tara kacal. Kuma wannan ɗakin, daga santimita ashirin zuwa ashirin da uku, nan ne karfasa ke fara ƙwai. Ya sake ƙirgawa sau uku, tara ɗin nan ba ta motsa ba.

Kubura ta kawo koko ta ajiye nesa da takardun, ta zauna a gefen tabarma tana kallon zanen guda uku. Ta yi firamare har aji bakwai a Kiru, kuma tana da ra'ayi a kan komai, har da abin da ba a tambaye ta ba.

"Wanne ne na gaskiyar?" ta ce.

"Duka. Kifi ɗaya ne, lamba ɗaya ce. Yawan ɗakunan ne kawai ya bambanta."

"To ina ramin ya tafi a cikin mai biyar ɗin?"

"An rushe bangon da ke tsakaninsa da ɗaki na shida. Suka zama ɗaki ɗaya, kifin maƙwabcin ya rufe shi."

"Littafinku ya hana biyar?"

"Bai hana ba."

"To ka ba shi mai biyar ɗin mana, kowa ya huta."

Rufa'i ya daɗe yana juya ludayi a cikin kokon. Gaskiyar magana, tun asuba zuciyarsa ke faɗa masa abin da Kubura ta faɗa. Yana son mutanen nan. Da ya zo da akwati ɗaya da amarya, su suka yi masa danga, su suka koya masa inda ake taka ƙafa a jirgi, kuma har yau ba wanda ya yi masa dariya a gabansa a kan ranar da ya faɗa ruwa da littafinsa a hannu. Ga shi kuma yau fensirinsa ne zai kwashe musu tuwo.

"Da ban ga mai goman ba, da na ba shi da zuciya ɗaya," ya ce. "Amma na riga na gani."

Kubura ta jawo zanen ta ƙura wa giɓin ido. "Wai shi kifin da ya ɓata ɗin, kamar yaya girmansa yake? Ni ban san santimita ba, nuna mini."

Ya ɗauki rula ya sa babban yatsa a nan, ya sa ɗaya a can. Ita kuma ta buɗe taƙinta a kan rular, ta duba, ta sake dubawa. Sai ta tashi ta sauko da kwandon bandar da ke rataye a ragaya, ta zaro kifi huɗu ta jera su a kan tabarma kusa da rular. Kai ka ce tela ne ya yanka su da awo ɗaya.

"Malam," ta ce, muryarta tana rawa, "ai ka cinye su."

Daga nan dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har ta kifa kai a gwiwa, har hawaye, Rufa'i kuwa yana zaune da rula a hannu kamar wanda aka kama da sata.

"Ina kike samunsu?" ya tambaya da ta lafa.

"Inna Hindu ke kawowa, safe da yamma, ta bayan danga. Na zaci ka sani."

"Na ɗauka aika kike yi bakin ruwa."

"Wa zan aika? Tun ranar da muka sauka take kawowa. Ta ce na malamin kifi ne, kuma kada in dame ka da zancen, kunya za ka ji." Ta share ido da gefen zane. "Ba mu kaɗai ba ne fa. Kowane gida irinsa ake ci. Ban taɓa ganin babba ko ƙarami a tukunyar kowa ba a garin nan."

Rufa'i ya sha kokon a tsaye, ya nannaɗe takardun uku, ya fita.

Ya tarar da Baba Ɗanasabe, mijin Inna Hindu, a ƙarƙashin rumfar zana yana ɗinkin raga. Shi ne babban masunta na Dogon Marke, ba don ya fi kowa iya ruwa ba, don har gobe bai iya iyo ba, sai don shi ne ya fara shiga jirgi lokacin da sauran ke tsaye a gaɓa suna kallon inda gonakinsu suke a da. Rufa'i ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Aka yi ina kwana, ina gajiya, yaya zafi, yaya amarya, yaya ruwa, har gaisuwa ta ƙare don kanta.

"Baba, tambaya na zo da ita. Kifin da kuke kawo mini a daro, shi ne duk abin da raga ta kamo?"

"Duka, in ban da na miya."

"Na miya kuma yaushe ake cirewa?"

"Tun a cikin jirgi mana, kafin a taɓo gaɓa." Tsohon ya ciji zare ya tofar. "Wa zai kawo maka na miya ka ɗora a katako?"

"Me ya sa, Baba?"

Baba Ɗanasabe ya dube shi irin kallon da ake wa yaro mai ilimi da yawa. "Malam, mu fa manoma ne, ruwa ne ya mai da mu haka. A can garinmu na ainihi, in an yi girbi, na kasuwa a auna, na haraji a auna. Amma wanda za a ware don bakin yara, ubana bai taɓa bari an sa masa mudu ba. Ya ce abin da za a ci in aka san adadinsa albarkarsa ta fita. Liman ya faɗa mini babu wannan a littafi, na kuma yarda da shi. Amma haka na tarar, kuma ban taɓa kwana da yunwa a gidan ubana ba. Gonar ce ruwa ya ci, ni bai ci ni ba."

"To me ya sa kullum mai taƙi ɗaya?"

"Manyan na fataken Kwanar Dangora ne, su ke kaiwa Kano. Ƙananan ƙaya ce zalla, sai dai a shanya. Mai taƙi ɗaya shi ke shiga tukunya ba a karya shi ba, kuma ya rabu uku, kai da tsakiya da wutsiya, yara ba sa faɗa. Kowane jirgi ya cire na gidansa, ya cire na gidan da babu namiji, da na tsofaffi, da na liman." Ya ɗan yi murmushi. "Da na malamin kifi."

Rufa'i ya sunkuyar da kai. Kunya ce ta rufe shi, haɗe da wani irin daɗi. Mako shida yana zaune a gaɓa da katako da littafi yana jin kansa ma'aikaci, bai taɓa tunanin ya leƙa cikin jirgi kafin a kawo masa daro ba.

Ya baje takardun a kan tabarma ya yi bayani a hankali: ga ɗakuna, ga sanduna, ga ramin da zai sa a rufe ruwa. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ɗora yatsa a kan mai ɗaki biyar.

"Wannan ya fi kyan gani. Ba wa baƙon wannan."

"Ya fi kyau, Baba."

"Ƙarya ce a cikinsa?"

"Babu."

"To wa zai cutu?"

"Yau ba kowa. Amma in na saba wa ofis da biyar, ranar da kifin ya ƙare da gaske, shi ma haka zai ɓuya, ba wanda zai gani sai raga ta fara dawowa wayam. Wannan mai goman shi ne yake gani. Abin da ya gani yau tukunyarku ce, ba ruwa ba, kuma zan rubuta haka."

"In bai yarda ba fa?"

"Zai ce a nuna masa. Sai an bar ni na auna jirgi guda kafin a cire komai."

Baba Ɗanasabe ya koma kan ɗinkinsa. Allurar ta shiga ta fita sau biyar ko shida.

"Wannan kuma ban ce ba," ya ce.

Rufa'i ya jira ko za a ƙara wani abu. Ba a ƙara ba, sai ya yi sallama ya ɗauki takalmansa.

Motar ofis ta iso bayan azahar da kaɗan, jajawur da ƙasar hanya. Malam Shitu ya fito yana miƙe baya. Dogon mutum ne siriri mai tabarau, ya shekara ashirin yana karanta rahoton yara irin Rufa'i, har ya kai yana gane ƙarya tun daga yadda aka ninke takarda. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar gidan, Kubura ta turo ruwa a kwanon sha daga bayan ƙofa, ya sha ya yi hamdala ya miƙa hannu.

Takarda biyu ce a cikin fayil ɗin Rufa'i. Ya sake zana mai biyar da mai goma da tawada, dukansu tsaf, don har lokacin bai gama da kansa ba. Mai biyar ce a sama. Yatsunsa suka taɓa ta, suka tsaya, sannan suka zaro ta ƙasan.

Malam Shitu ya gyara tabarau. Idonsa ya tafi kai tsaye kan giɓin.

"Me ya sa goma?"

"Ranka ya daɗe, na gwada biyar, ta haɗiye ramin. Na gwada talatin, rami ya yi yawa har ba a gane na gaske. A goma kowane ɗaki santimita uku ne, kuma akwai isasshen kifi a ciki da za a yarda da shi."

"Ka san da biyar ka kawo mini, da na sa hannu na sha ruwana na koma?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Ka kuma san abin da wannan ramin yake nufi ga mutanen nan?"

"Akwai rubutu a ƙasa."

Malam Shitu ya sauke ido ya karanta a fili, kalma-kalma. "Kifin wannan ɗaki ba ƙarewa ya yi ba. Masunta na cire shi tun a jirgi don abincin gida kafin a kawo awo. Mai awo bai lura ba, kuma yana cikin waɗanda suka ci." Ya ɗago. "Kai ma ka ci?"

"Sau biyu a rana, ranka ya daɗe."

Daga bayan ƙofa aka ji wani ɗan sauti kamar an toshe baki da zane. Malam Shitu ya yi kamar bai ji ba, amma sai da ya cire tabarau ya daɗe yana goge su da bakin riga.

"Na ga rahoton da akuya ta ci, na ga wanda ruwa ya tafi da shi," ya ce. "Yau na ga wanda mai shi ya cinye da tuwo." Ya mai da tabarau, fuskarsa ta koma ta aiki. "Labarinka ya yi daɗi, Rufa'i, amma ni ba zan kai labari Kano ba. Takarda ta ce babu kifi, kai ka ce yana tukunya. In yana tukunya, to yana ruwa. Yaushe jirage ke dawowa?"

"Bayan la'asar."

"Zan ga jirgi ɗaya da ba a taɓa ba, ka auna a gabana. In ban gani ba, abin da takarda ta ce shi zan bi. Ba don ina so ba."

Rufa'i ya aika wa Baba Ɗanasabe, wanda ya riga ya fita ruwa, da saƙon ta bakin wani mai jirgi da ke shirin fita ɗaga raga. Amsa ba ta dawo ba.

Da la'asar kusan duk garin ya hallara a bakin ruwa, don labari ya riga ya zaga. Maza a gaba, tsofaffin mata a gefe da ƙorensu, Inna Hindu a tsakiyarsu, gajeriya mai kaurin hannu, ta ɗaure ɗankwali tamau. Jirage suka fara isowa. Na farko ya taɓo gaɓa, mai shi ya fito da daro a hannu da ƙullin tsumma a hammata, ya kauce wa idon Rufa'i. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Ba wanda zai karya abin da babba bai karya ba. Malam Shitu ya duba agogonsa. Rufa'i ya fara tunanin takardar da ya bari a cikin fayil, yana tambayar kansa ko taurin kai ne ya ɗauka gaskiya.

Jirgin Baba Ɗanasabe ne ya zo a ƙarshe. Tsohon ya kafe sanda, ya fito a hankali ya ja jirgin da kansa har kan yashi. Hammatarsa babu ƙulli. Ragar tana nan dunƙule a cikin jirgin yadda aka ɗago ta, kifi yana motsi a ciki.

Ya gaida baƙo yadda ya kamata, ya tambayi hanya da mutanen Kano. Sannan ya dubi Rufa'i.

"Ga shi nan, Malam. Hannuna bai shiga ba. Abu ɗaya na roƙa. Ku rubuta abinku, amma kada a faɗa da baki."

Bai jira amsa ba. Ya taka 'yan taku zuwa bakin ruwan, ya juya musu baya, ya haɗa hannuwa a bayansa yana kallon tsakiyar tafkin.

Rufa'i ya durƙusa da katakonsa. Bai taɓa awo cikin shiru irin wannan ba. Ya ɗora kifi, ya daidaita kansa da bangon katako, ya nuna wa Malam Shitu wurin da wutsiya ta tsaya, Malam Shitu ya ja ɗan layi a ɗakin da ya dace. Na farko ƙarami ne. Na biyu babba. Na uku ma babba. Na huɗu ya kwanta a kan katako, wutsiyarsa ta tsaya a ashirin da ɗaya. Ya ajiye shi gefe a kan ciyawa. Can wani ya biyo shi, sannan wani. Da raga ta ƙare, karfasa arba'in da uku aka auna, kuma layukan ɗaki na biyar sun fi na kowane ɗaki yawa. Malam Shitu ya ƙirga su da bakin alƙalami, leɓɓansa a rufe, ya juya littafin ya nuna wa Rufa'i. Goma sha ɗaya.

"Malam," in ji Baba Ɗanasabe, har yanzu bayansa suke gani, "kun gama?"

"Mun gama, Baba."

"Ban tambayi nawa ba. Gobe mu fita ko kada mu fita?"

Malam Shitu ne ya amsa. "Ku fita, Baba. Ruwanku lafiya yake, a yadda na gani yau. Amma aikin mako shidan nan ya tashi a banza, sai yaronku ya sake daga farko. Kullum jirgi ɗaya, bi da bi, a kawo masa ba a taɓa ba. Sauran ku yi yadda kuka saba."

Wani dogon numfashi ya ratsa taron, aka fara alhamdulillahi ƙasa-ƙasa. Rufa'i ya zauna daɓas a kan yashi, hannuwansa duk ɓawon kifi, yana jin daɗin da bai taɓa ji ba a kan an ce aikinsa ya lalace.

Saura kifi goma sha ɗayan nan da ke jere a kan ciyawa. 'Yan Kwanar Dangora sun kwashe manya, an zuba ƙanana a daro, su kuwa ba wanda ya matso kusa da su.

"Waɗancan tunda an auna su, sun zama na gwamnati," in ji Baba Ɗanasabe. "A sa wa baƙo a mota."

"A'a, Baba, na gode," Malam Shitu ya ce. "In na karɓa, sai an ƙara sunana a ƙasan takardar."

Aka yi 'yar dariya, ta mutu. Kowa ya san kifin nan na gida biyar ne: gidan tsohon, da na wata gwauruwa mai marayu, da na wasu tsofaffi biyu, da na liman, da na malamin kifi. Rana ta yi ƙasa, lokacin ɗora miya yana wucewa.

Sai Inna Hindu ta fito daga cikin mata da ƙwaryarta. Ta tsaya a kan kifin, ta dubi Rufa'i, ta dubi baƙon, ta dubi taron.

"Akwai wanda ya ji an faɗi wani abu a nan?" ta ce.

Ba wanda ya amsa.

"Ni ma ban ji ba."

Ta sunkuya ta fara tsince su ɗaya-ɗaya, kowanne yana faɗawa cikin ƙwaryar da ɗan sauti. Babu shakka Baba Ɗanasabe yana jin sautin, don bai fi taku goma ba tsakaninsu. Rufa'i ya ga kafaɗar tsohon ta ɗan motsa, ya zaci zai yi magana. Amma sai ya gyara tsayuwa ya ci gaba da kallon ruwa, kamar akwai wani abu a can da bai gama gani ba. Bai juyo ba sai da takunta ya yi nisa a kan hanyar gari.